Ka Ƙosar da Su Tukuna

Ƙanena yana da shekara arba'in da uku, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har yau Auta muke kiransa, kuma har yau in ya buɗe baki a gaban Baba sai a yi tsit kamar an kunna labarai a rediyo. Ni kuwa da na yi shekara goma sha tara ina taka kashin shanu, in na yi magana sai a ce Yaya ta fara faɗan nata. To, ina da faɗa, ban musa ba. Amma a bari in faɗi abin da ya faru da garkenmu, sannan a yanke mini hukunci.

Shanun nama muke kiwo. Baba ne ya fara da karsana uku tun kafin a haife ni, a kan tudun da muke zaune, ƙasa mai duwatsu da gajeriyar ciyawa mai tauri wadda in ka taka ta ba takalmi sai ta soke ka. Shanunmu sun saba da ita. Dogaye ne masu taurin kofato, suna iya tafiyar rabin yini neman abin da za su ci, su dawo ko nishi babu. Ba sa ƙiba da wuri, amma mahauta sun san namansu, ba su taɓa ba mu kunya ba. Da ƙafafun Baba suka daina ɗaukarsa, ni na karɓi garken. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana sun tafi birni. Babu wanda ya ce in karɓa, babu kuma wanda ya ce sannu. Auta a lokacin yana ofis, yana zana wa manoma taswirar inda za su shuka abin da shi bai taɓa shukawa ba.

Kai sittin da huɗu ne a garken, amma duka a bayan saniya ɗaya suke tafiya. Kunne-ɗaya muke ce mata, don wayar shinge ta cire mata kunnen dama tun tana 'yar ƙarama. Daga tsatson karsanar Baba ta fari ta fito. Shekarunta goma sha huɗu, ta daina haihuwa, haƙoranta sun fara cinyewa, da wata ce da tuni ta ga mahauci. Amma ita ke ɗauke da ƙararrawa a wuya, kuma inda ta sa ƙafa nan sauran ke sawa. Ta san ganyen da ake ci da wanda ake wucewa, ta san kwarin da ruwa ke kwanciya, in ta tsaya kowa ya tsaya. Auta ya taɓa cewa a sayar da ita tunda ci kawai take yi a banza. Na ce masa in haka ne, akwai masu ci a banza a gidan nan da ya kamata a fara da su.

Sai ruwan sama ya yi mana gardama shekara biyu a jere. Ciyawa ta ƙone, injin rijiya ya fara zuƙo yashi, ƙasusuwan shanu suka fito har kana iya ƙirga haƙarƙari daga bakin shinge. Ban zauna na naɗe hannu ba. Na tara busasshiyar ciyawa dami-dami a rumfa, niyyata in sayar da bijimai in riƙe matan har Allah Ya kawo sauƙi. Ana cikin haka Auta ya ajiye aikin ofis, ya dawo gida wai zai taimaka.

A ɗakin Baba aka yi maganar. Gadon ƙarfe ne a jikin bango, kwalaben magani jere a kan taga, tsohuwar igiyarsa ta kama sa tana rataye a ƙusa inda ya bar ta ranar ƙarshe da ya shiga garke. Auta ya shimfiɗa taswira a kan ƙafafun Baba kamar tebur ya samu. Ya ce ya samo mana fili a fadama, tafiyar awa goma a babbar mota, kusa da kogi. Masu shi na dā shanun madara suka yi kiwo, sun shuka wani ganye mai laushi, dangin wake, don dabbobi. Ya ciro waya ya nuna hotuna. Kore shar, har ƙugu. Na ga idon Baba ya yi haske, kuma nan take na san na fāɗi.

Duk da haka na faɗi nawa. Na ce ƙasar can ba tamu ba ce. Akwai kaska, akwai ƙuda mai cizo, akwai laka da za ta jiƙa kofaton da ya saba da dutse har ya ruɓe. Na ce shanun can gajeru ne masu faɗin ciki, an haife su a cikin danshi, namu kuwa ba su taɓa ganin ganye irin wannan ba, cikinsu bai san shi ba. Auta ya yi murmushin nan nasa na wanda ya je taro da yawa.

"Yaya, ciyawa ai ciyawa ce," in ji shi.

Da ba a gaban Baba ba ne, da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na juya ina jiran Baba ya gyara masa zance, tunda shi ya koya mini duk abin da na faɗa. Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ɗago ya kira ni da sunan da yake kirana tun ina yarinya.

"Uwata, ki bar shi ya gwada. Shi ma ɗan gidan nan ne."

Shi ma ɗan gidan nan ne. Shekara goma sha tara ni ce ke tashi da asuba in ja maraƙi daga cikin uwarsa, ni ce ke ɗinke wanda ƙaho ya farka, amma mutumin da ya zo da takarda mai launi shi ne za a bari ya gwada, kuma da garkena. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tashi na fita, daga ranar na ja bakina na tsuke. Tsakanina da Auta sai gaisuwa, sai i, sai a'a.

Kwana uku muka yi muna shiri. Duk inda na sa ƙafa yana biye da ni cikin sabon takalmin roba wanda ko takardar kantin bai ɓare ba, da ɗan littafi da biro a hannu. Yana ta tambaya. Me ya sa ake raba waɗannan da waɗancan, me ya sa wannan take ɗingishi, gishiri nawa ake ba su. In na ga dama in jefa masa kalma ɗaya, in ban ga dama ba in yi kamar da bango yake magana. Na ce a raina, ai ciyawa ciyawa ce, me kuma ake tambaya.

An shirya za a yi sawu uku. Motar farko za ta tashi da yamma da kai ashirin da biyu, Auta a gaba tare da direba, su yi tafiyar cikin sanyi su isa da sassafe. Ta biyu za mu yi lodinta washegari da safe, ni in biyo ta. Niyyata in riƙe Kunne-ɗaya ta tafi tare da ni. Amma da aka jingina katakon hawa a bayan motar, shanun suka ƙi. Mu uku, ni da ma'aikatanmu biyu, muka yi awa guda muna turawa muna kora, ko ɗaya bai sa ƙafa ba. Direba ya fara ƙunƙuni wai rana na tafiya. Dole na kamo Kunne-ɗaya. Ta shinshina katakon, ta kalle ni, ta hau, ƙararrawarta na kaɗawa, sauran suka bi ta a jere kamar dā ma jira suke. Da aka gama ta riga ta ƙure can gaba, babu yadda za a fito da ita.

Na sa aka ɗaure damin busasshiyar ciyawa talatin a saman motar. Ga dalili, don wanda bai sani ba. Saniyar da ta fito daga busasshiyar ƙasa, ta kwana a mota da yunwa, ba a sakinta cikin ɗanyen ganye, balle da safe yana jiƙe da raɓa. Za ta yi ta haɗiya ba tauna, ganyen ya yi kumfa a cikinta, cikin ya kumbura har ya danne mata numfashi, kafin azahar ta mutu tana kallonka. Abin da ake yi shi ne a tsare su a shinge, a cika musu ciki da busasshiya, a jira rana ta shanye raɓa, sannan a sake su na ɗan lokaci da yamma, gobe a ƙara kaɗan, jibi a ƙara, har cikin ya saba. Wannan ba karatu ba ne. Duk wanda ya taso a garke ya san shi kamar yadda ya san sunansa.

Direba ya tada mota. Auta ya zo ya tsaya a gabana da littafinsa a buɗe.

"Yaya, akwai abin da ya kamata in sani in mun sauka?"

Na kalli littafin, na kalli takalmin. Yanzu ne ya tuna da akwai abin sani.

"Ka ƙosar da su tukuna," na ce.

Ya rubuta. Ya ɗago kai, bakinsa ya ɗan buɗe kamar zai ƙara tambaya, ni kuwa na riga na ba shi baya na nufi rumfa.

Washegari muna tsakiyar lodin mota ta biyu, wayata ta yi ƙara a aljihu. Bidiyo ne Auta ya turo a zauren 'yan gida na waya, inda Baba da 'ya'yana da kowa ke gani. Na buɗe ina goge gumi. Ga fili kore, raɓa na ƙyalli a kan kowane ganye. Ga ƙofar shinge a wangale. Can gefe ga motar, damin ciyawata talatin na nan a samanta, ko igiya ɗaya ba a kwance ba. Shanun sun cunkushe a bakin ƙofa, amma ba wanda ya shiga, domin Kunne-ɗaya ta tsaya. Ta sunkuya ta shinshina ganyen, ta ɗago, ta ja da baya taku ɗaya. Tsohuwar ta san wani abu bai yi ba.

Sai na ji muryar Auta a cikin bidiyon. Fito biyu gajeru, sannan "zo, zo, 'yar gida." Kiran Baba ne, wanda yake yi musu in zai kai su ruwa. Ban san Auta ya riƙe shi ba. Ina jin shi kaɗai ya rage masa daga yarinta. Kunne-ɗaya ta ɗaga kunnen nan nata guda, ta shiga. Sauran suka bi ta da gudu. A ƙasan bidiyon ya rubuta: Yaya, an cika umarninki, yau za su ƙoshi.

Na duba lokaci, na ga saƙon ya yi kusan awa guda a hanya kafin ya iso.

Sau shida ina kira yana ta ringi. A na bakwai ya ɗauka yana dariya, yana tambaya ko na ga yadda suke ci. Na ce ya fitar da su yanzu, yanzun nan, ko da duka ne. Ya ce haba Yaya, ai daɗi suke ji. Abin da na faɗa masa a lokacin ba zan maimaita ba, ma'aikatanmu ma da suka saba da bakina sai da suka sunkuyar da kai. Ina cikin magana ya katse ni da wata murya daban, "Yaya, ɗaya ta kwanta. Cikinta ya yi wani iri." Layin ya yanke.

Na bar wa ma'aikata sauran lodin, na ce su taho da motar, na faɗa ƙaramar akori-kurarmu na kama hanya. Awa shida da rabi na yi, ban tsaya ko shan ruwa ba. Duk inda waya ta kama sai in kira shi. Na ce ya kora su su yi ta tafiya, kada ya bari su kwanta. Na ce ya nemo man girki ya ɗura musu, ya ɗaura musu sanda a baki a gicciye don su yi ta tauna su yi gyatsa. Na ce wadda ta fāɗi, ya ɗauki wuƙa ya soke ta a kwiɓin hagu, inda kumburin ya fi tasowa, iskar ta fita. Ya ce ba zai iya ba. Na ce ai da ka iya buɗe ƙofa. Daga baya ya ce wani maƙwabci ya ji kukan shanu ya zo, sai layin ya sake ɗaukewa.

Hanyar ma haushi ta riƙa ba ni. Duwatsunmu suka ƙare, jar ƙasa ta ƙare, itatuwa suka fara yawa, iska ta yi nauyi har riga na manne wa mutum. Ko'ina kore, ko'ina ruwa a kwance a gefen titi, ga shanun mutane gajeru suna kiwo hankali kwance cikin abin da ke kashe nawa. Tunda nake ban taɓa jin na tsani ciyawa ba sai ranar.

Bayan la'asar na isa. Warin ne ya fara tarbata, warin ɗanyen ganye da ya yi tsami. Ga su nan warwatse a cikin filin, ciki ya tashi, ƙafafu a sandare sun miƙe. A gindin wata bishiya mahauci da mutanensa suna ta fiɗa, waɗanda aka samu aka yanka kafin rai ya fita. A cikin shinge kai goma sha uku na tsaye, kowanne da sanda a baki, yawu na zuba, huɗu daga ciki da huda a kwiɓi. Na ƙirga sau biyu. Tara babu.

Maƙwabcin wani dattijo ne gajere mai faɗin ƙirji, Mai Baƙaƙe ake ce masa saboda launin shanunsa. Shi ya yi hudar, shi ya kira mahauci. Ya yi mini sannu da hanya, ya ce baiwar Allah sai haƙuri, ya yi iyakar yinsa. Na tambaye shi mai ƙararrawa. Ya nuna mini da baki. Tana kwance taku kaɗan daga ƙofar shinge, kanta na fuskantar ƙofar. Ya ce ita ta fara shiga, ita ta fi nisa, ita ta fara juyowa, kuma waɗanda suka biyo ta yawancinsu su ne ke tsaye yanzu. Ita dai ba ta ƙarasa ba. Kafin ya iso ta riga ta cika, ko wuƙa ba ta samu ba.

Na durƙusa na kwance ƙararrawar na sa a aljihu. Ban yi kuka ba. Fushi ne ya cika ni har wuya, babu inda hawaye zai bi.

Auta na zaune a kan wani kututture, laka har gwiwa, koren kumfa ya bushe a rigarsa, takalmin roba ƙafa ɗaya babu. Na tsaya a kansa na wanke shi tas. Na ce shekara hamsin ana gina abin da ka rushe kafin ka karya kumallo. Na ce saniyar da ka ce tana ci a banza ta fi ka hankali, ta tsaya a ƙofa ta gaya maka, ka yaudare ta da kiran ubanka. Na ce ka ɗauki hoto, ka tura wa duniya, kana jiran a tafa maka. Ya jira har na tsaya shan iska. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro littafin, ya jiƙe ya lanƙwashe, ya buɗe ya miƙo mini.

"Ga abin da kika ce. Na rubuta shi yadda kika faɗa."

"Da busasshiya nake nufi. Dami talatin ɗin da ke saman mota, ka ɗauka ado na yi wa direba?"

Ya ce ya ɗauka shimfiɗa su za a yi a shinge saboda laka. Ya ce wa zai ga ganye har ƙugu ya kawo a ransa cewa busasshen kara ake so su ci. Na ce ko yaron da aka yaye jiya a gidanmu ya san wannan.

"Ni ba a garke na taso ba, Yaya," in ji shi. "Kin fi kowa sani. Tun ranar da na bar ƙofa a buɗe ina ɗan shekara tara, duk zuwan da zan yi sai ki ce matsa, ba ka iya ba. Kwana ukun nan kuma ina binki kamar jela. Sau nawa na tambaye ki?"

Na ce kada ya kuskura ya ɗora mini. Na ɗaga murya fiye da dā, kuma na san dalilin da ya sa na ɗaga. Mai Baƙaƙe ya matso yana goge wuƙarsa a wando, ya ce shi ma wata shekara da kogi ya yi ambaliya ya kai nasa kan tudu, cikin mako ɗaya duwatsu suka gurgunta masa rabi. Ya ce abin da ya cece shi wani makiyayi ne da ya zaunar da shi a inuwa ya yi masa bayani dalla-dalla kamar ƙaramin yaro, yana da shekara hamsin a lokacin. Bai san ni ba, ban ga abin da ya kawo wannan labarin ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Baba ne. Ashe shi ma ya ga bidiyon tun da safe, yana kwance a gadon da ba ya iya sauka, kuma ya san abin da raɓa ke nufi tun kafin a haife ni. Yini guda ya yi da wannan a ransa shi kaɗai. Ya tambayi kai nawa aka rasa. Na ce tara. Ya ce, Kunne-ɗaya fa. Na ce har da ita.

"Uwata, me kika gaya masa da zai tafi?"

Na maimaita masa da ƙarfina, ina kallon Auta. Na ce na gaya masa ya ƙosar da su tukuna, ga shi ma a rubuce.

"Da me?"

"Na'am, Baba?"

"Kin ce ya ƙosar da su. Kin ce masa da me?"

Baba bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, ranar da ya koya mini wannan abu sai da ya maimaita sau uku ya sa na maimaita masa, ina da shekara goma sha ɗaya, ina ta zumɓura baki. Sannan ya ce a ba shanun da suka rage ruwa kaɗan-kaɗan, ya kashe wayar.

To, bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a filin nan. Na ga fuskar Auta a bakin mota. Na ga bakinsa ya buɗe, na san tambaya ce ke zuwa, kuma da gangan na juya. Kalma biyu suka rage, da busasshiya, ban fi ƙarfin faɗarsu ba. Na so ya ɗan sha wahala. Na so kaska ta dame shi, wata ta yi ɗingishi, ya rasa yadda zai yi, ya kira ni a gaban kowa ya ce Yaya ashe ke ce da gaskiya. Ban kawo tara a raina ba, ban kawo Kunne-ɗaya ba, na ɗauka damin da ke saman mota zai yi maganar da na ƙi yi. Har yanzu ina jin haushin Auta da ciyawarsa ciyawa ce, ina jin haushin Baba da ya zaɓi hoto a kan shekaruna goma sha tara. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ba ni da inda zan sauke shi.

Gab da faɗuwar rana mota ta biyu ta iso. Ma'aikatanmu suka sauko suka ga filin. Na rufe ƙofar da ke fita wajen ganyen, na ɗaure ta da igiya biyu, na sa aka sauko da damin nan aka baza a shinge. Na kira Auta, na ce ya ɗauko littafinsa. Ya taso yana ɗingisa ƙafar da ba takalmi.

"Rubuta. Busasshiyar ciyawa, har su bar ta da kansu. Ja layi a ƙarƙashin busasshiya. Ba a sakinsu sai gobe bayan azahar, in ka shafa ganye hannunka bai jiƙe ba. Rabin awa, a dawo da su."

Ya rubuta, ya ɗago a hankali kamar mai tsoron mari, ya ce saboda me rabin awa. Na ji maganar ta taso mini, matsa, ba ka iya ba. Na cije ta. Na yi masa bayani tun daga farko, haƙorana a haɗe, na sa ya maimaita mini.

Aka jingina katako, aka buɗe bayan mota. Shanun suka ƙi saukowa. Sun yini a tsaye da yunwa da ƙishi, ga abinci a baze a gabansu, amma sai leƙe suke yi, kowanne na jiran wadda za ta fara. Ma'aikata suka tura, direba ya bubbuga jikin mota, ko motsi. Na daɗe a tsaye kafin na sa hannu a aljihu.

Na tsaya a ƙasan katakon na kaɗa ƙararrawar. Kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Wata karsana ta sa ƙafa, sauran suka biyo ta a jere. Suka zo har inda nake, suka shinshina hannuna, suka wuce ni suna dube-dube a bayana. Babu wanda ya taɓa ciyawar. Sun zagaya shingen nan sau uku suna nemanta, ni kuma ina tsaye a tsakiya da ƙararrawar a hannu.